Abin da Harshen Chindo Bai Gane Ba

Chindo na Bazaga ba ya ba saurayi maganin ƙarfi sai ya fara kai shi bakinsa. Saiwa ce ko ɓawo, zai jiƙa a ƙaramar ƙwarya, ya kurɓa, ya zauna bakin ƙofa yana sauraron jikinsa. Kwana uku yake yin haka kafin ya kira samarin da yake koya wa kokawa. Shekara talatin ana haka, ba a taɓa ɗauko ɗan kokawarsa daga fili a kan jaki ba.

Kakar da gero ya dawo bayan shekarun fari, jikansa Munkaila, ɗan shekara sha bakwai, ya fara kayar da waɗanda suka girme shi. Mutane na yi wa Chindo barka. Shi kuwa wani abu yake kallo. Munkaila ya daina cinye tuwonsa. Leɓensa a bushe. In ya ɗauki moɗa, ruwan da ke cikinta sai ya yi ta rawa.

Wata safiya ya tare shi a bayan rumbu.

"Mi kake sha, kai?"

"Abin da ka ba ni, tsoho."

"Nawa ba shi hana mutum cin tuwo."

Munkaila ya yi dariya, ya zaro ƙullin takarda. Ƙwayoyi ne jajaye guda shida, ba su fi wake girma ba. Wurin wani mai tebur ya samo su a tashar Ƙonni, inda direbobi ke sha don kada su gaji.

"Biyu nika haɗiyewa in shiga fili. Kai sai ka yi kwana uku kana jiƙo kamar majemi."

"Wa ya ɗanɗana?"

"Duk samarin Malbaza."

"Kahin su nike tambaya."

Chindo ya karɓe ƙullin.

Ya lasa ɗaya. Harshensa ya san ɗacin maɗaci, ya san baurin sabara, ya san wanda ke gyara ciki da wanda ke yanka shi. Wannan ɗacin bai gaya masa komai ba, abin da ya tayar masa da hankali ke nan.

Matarsa Zalika ta ce, "Maigida, kai su gidan likita a Ƙonni a duba."

"Zan kai. Amma in an tambaye ni mi suke yi ma mutum, in ce mi?"

Sai ya haɗiye biyu, kamar yadda jikansa ke yi. Bai tsaya tuna shekarunsa ba.

Kafin azahar ya jera damman gero a rumbu shi kaɗai, bai zauna ba. Mutumin da ke yini bai yi magana goma ba, ranar har da maƙwabta ya yi ta zuba, suna dariya suna cewa tsoho ya koma fili. Zalika ba ta yi dariya ba. Da la'asar ta same shi bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce a kira Munkaila. Da ya zo, ya kamo hannunsa ya ɗora a ƙirjinsa.

"Ka ji? Naka ma haka shike yi?"

Munkaila ya daɗe bai ɗauke hannun ba. "Wani lokaci, Kaka."

"Ni na kusa gama aiki da nawa. Kai hwa?"

Tun daga ranar ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi. Da aka yi kokawar garin Tajaye, Munkaila ya je ba ƙwaya, aka kayar da shi a karon farko. Masu kawo labarin suna ta jan magana, suna neman yadda za su faɗa. Chindo abu ɗaya ya tambaya, ko ya ci tuwo da ya dawo. Aka ce ya cinye har ya nemi ƙari.

Sauran samarin ne suka tsaya masa a rai. Ƙwaya huɗun ya ƙulle su a tsumma, ya sa a aljihun taguwarsa. Duk ranar kasuwar Ƙonni sai ya ce a ɗaura wa jaki amalanke, ya miƙe, ya dafa bango, ya koma ya zauna, ya ce sai mako mai zuwa.

Bai kai damina ba. Da Zalika ta zo wanke taguwar, ƙullin na nan cikin aljihu, ba a kwance shi ba.