Ɗalibai Sun Ci, Malam

Ina aji biyu a jami'a aka ɗora mana wani ƙaton littafin Turanci, irin labaran da mutanen Ingila suka rubuta zamanin wata sarauniyarsu mai dogon mulki, suna waiwayen tarihin kakanninsu. Labarin wata budurwa ne da ƙasa ta hargitse, kowa ya yi ta kansa, ita kuwa ta tsaya kan tsohon mahaifinta, ta ƙi motsawa ko nan da can. Littafin ya tafi da ni sosai. Ina karantawa ina sharar hawaye, kai ka ce uwarmu ɗaya da yarinyar.

A tsakar gidanmu na Tudun Wada nake karatun, bayan la'asar, gindin mangwaro. Nan Goggo, ƙanwar babana, take shimfiɗa tabarma tana tsince shinkafa. Tun da mijinta ya rasu ta gama takaba ta dawo gida, daidai lokacin da kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, ya fara rikicin tsufa. Manema sun zo, ta ce ba ta da lokacinsu. Wanka, wanki, abinci, juya shi a gado, duk ita ce.

Wata rana ta ce, "Wai ke me ke cikin takardar nan kike ta kuka kamar an aiko miki da rasuwa?"

Na ba ta labarin da Hausa. Daga ranar ta ɗauke shi da zafi, kullum sai ta tambayi inda aka kwana da 'yar Turawan. Sai dai tambayoyinta kan ɓata mini rai. Ni ina maganar soyayyar ɗa da mahaifi, ita tana tambayar wa ke wanke wa tsohon zanen gado idan ya ɓata. Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce to me yake ci, yaya take yi da shi idan ya ƙi buɗe baki? Na ce wannan ma bai faɗa ba.

"Lallai mai takardar nan bai taɓa jinya ba," in ji ta, ta ci gaba da laluben shinkafarta.

Lalube na ce, domin a lokacin da yatsa take gane tsakuwa. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu. Likita ya ce a yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a ja lokaci. Amma aikin yana nufin kwana a asibiti, sannan makonni ba sunkuyo, ba shiga hayaƙi. Malam kuwa ba ya cin abinci a hannun kowa sai nata. Babana ya gwada, mahaifiyata ta gwada, sai ya datse baki ya juya wa mutum ƙeya. Ranar da Goggo ta je sunan jikarta a Gyallesu, ko ruwa bai kurɓa ba har ta dawo. Don haka duk ranar da asibiti suka sa mata, sai ta samo dalilin ɗagawa.

Babana ya yi lallashi ya gaji, ya koma faɗa. "Makancewa kike so ki yi a gabanmu?"

"Yaya, in na tafi wa zai ba shi?" Iyakar amsarta ke nan.

Ni kam a zuciyata na riga na ɗora ta sama da budurwar littafin. Har na faɗa mata haka. Ta harare ni da idon da bai gani sosai, ta ce in tashi in duba mata tukunya.

Idan za ta ba Malam abinci takan saki labule, mu kuma ba ma shiga, muna ganin sutura ce take yi masa. Ran nan sai ta zo zuba kunun gyaɗa, ta kuskure bakin kofin, ta zuba a bayan hannunta. Dole ta ce in ɗauko mata faranti in biyo ta. Na ajiye, na yi kamar ina gyara buta, na ƙi fita.

Ta durƙusa gefen gado. Malam ya dubi wajen ƙofa ya ce, "Ɗalibai sun ci?"

Duk mun san tambayar nan. A zamanin ƙarfinsa zaurenmu cike yake da magidanta masu ɗaukar karatu da baƙi na nesa, kuma bai taɓa sa hannu a akushi ba sai an tabbatar masa kowa a zaure ya ci. Amma yanzu ba komai a zauren sai babur da buhunan masara. Idan ya yi mana tambayar, mukan ɗauke ta sambatun tsufa. Babana ma gaskiya yake faɗa masa, cewa babu kowa, sun daɗe da watsewa.

Goggo ta ce, "Sun ci, Malam. Har baƙon da ya iso da azahar ya ƙoshi. Sun ce a yi maka godiya."

Sai ya yi bismilla ya buɗe baki.

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Muna fitowa na tare ta a bakin madafa. Na ce, "Goggo, dama wannan ce kawai? Magana ɗaya tak, kin san ta shekara da shekaru, kika bar idonki yana lalacewa, kika bar Baba yana ta kai da kawo?"

"Ba wanda ya tambaye ni," ta ce.

Na ce wannan ba amsa ba ce. Sai ta hau shafa wa ƙunar hannunta man kaɗanya. Da yamma na kwashe duka na faɗa wa babana, ya je asibiti ya karɓo mata ranar aiki. Daga nan Goggo ta daina tambayata labarin 'yar Turawa, gaisuwata ma da ƙyar take amsawa.

A lokacin taurin kai na ɗauke shi. Sai da shekaru suka ja na fara gane abin da littafin nan bai ce komai a kai ba, ni ma ban hango ba. Mace ce da miji ya mutu, 'ya'ya suka yi gidajensu, ɗakin da take kwana ma ba nata ba ne. A duk gidan, abu ɗaya ne idan ba ita ba, ba mai iyawa. Ƙaunar da take yi wa mahaifinta gaskiya ce, ban taɓa shakka ba. Amma ita ma tana jingine da shi, kamar yadda yake jingine da ita.

Ranar aikin na shiga ɗakin Malam da tuwon shinkafa mai laushi. Na durƙusa inda take durƙusawa. Ya yi tambayarsa, na ba shi amsa yadda na ji ta yi. Ya yi bismilla ya cinye tas, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Ko kallon hannun da ke ba shi bai yi ba. Na fito da murna ina ɗaga kwano, mahaifiyata tana ta sa mini albarka. Ban kai madafa ba murnar ta koma ciki.

Washegari da hantsi babana ya dawo da ita, ido ɗaya a manne da auduga. Ko mayafi ba ta cire ba ta lalubo hannuna.

"Ya ci?"

"Ya ci, Goggo."

"Duka?"

"Duka. Jiya da yau da safe."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ya neme ni?"

Na buɗe baki zan yi mata ƙarya, amma na makara. Ta riga ta ji shirun. Ta saki hannuna, ta zauna bakin tabarma, ta daɗe tana fuskantar labulen ɗakin Malam. Can ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ki ce wa babanki ya karɓo mini ranar ɗaya idon."