Baƙar Ledar Dogo

Dogo direban babbar mota ne, kuma ba a san shi da magana ba. Ko gaisuwa sai ka jawo ta daga bakinsa kamar guga daga rijiya. Rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta, daga shi sai sitiyari. Amma bai taɓa dawowa gida hannu rabbana ba. Kullum da baƙar ledarsa, cike da alawa da cingam da biskit da lemon kwalba, duk na 'yarsa tilo, wadda yake kira 'Yar Baba.

Shi Dogo maraya ya tashi, mai tsayawa bakin kanti yana haɗiyar yawu. Shi ya sa ya rantse 'yarsa ba za ta san wannan tsayuwar ba. Bakinsa bai iya cewa yana son ta ba, sai ya bar wa leda aikin.

"Maigida, wallahi kana kashe mata haƙora," in ji matarsa. "Ta daina cin abinci, sai zaƙi."

"Bar ta ta sha. Haƙoran yara ai dama zubewa suke yi."

Haka ya yi ta kunnen uwar shegu, har yarinya ta shekara shida. Wata safiya ta tashi kumatu a kumbure, ko ruwa ba ta iya kurɓa. A asibitin haƙori aka kwantar da ita kan doguwar kujera, fitila a fuska, ƙarafa jere a faranti. Likita ta leƙa bakin, ta ce huɗu sun ruɓe har saiwa, sai an cire. Ta ce zaƙin kullum ne ya jawo, daga yau sai jefi-jefi.

"Malam, riƙe min ita."

Ya riƙe. Yarinya na fizgewa tana kiran Baba, ga shi kuwa Baban ne ya danne ta. Ranar Dogo ya yi kuka, ƙato da shi, bai ko ɓoye fuska ba.

A tafiyarsa ta gaba ya tsaya kantin da ya saba. Hannu ya miƙa wajen alawa, ya janye shi. Ya tsallaka titi ya sayi ayaba da lemon ɓawo.

'Yar Baba na jin sallamarsa ta sheƙo a guje, ta karɓe ledar. Ta tona har ƙasa, ta sake tonawa. Sannan ta ɗago da wawulon bakinta, ido ya ciko.

"Baba, laifin me na yi? Ka daina so na ne?"

Dogo ya durƙusa gabanta. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa, don bai taɓa koyon ta ba. Sai ya ɗauki lemo ɗaya ya hau ɓarewa. Kafin ya gama, ta koma bayan uwarta ta ɓuya.