Duman Shuni da Duman Jar Ƙasa

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, mazan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba su da hira sai ta siyasa. Mu yara kuwa namu shugaban ɗaya ne: kakarmu, Inna Dije. Da an sallame magariba za mu kewaye ta a bakin murhu, garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Ni take fara tsokana.

"Maigidana, ga ka da ƙaton kai ba cefane. Matso, ga ta nan tana tafe."

"Ta iso lafiya, Inna!"

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta mata biyu maƙwabta da kowacce ta shuka duma a gindin danga ɗaya. Yaɗon ya hau ya cukurkuɗe, 'ya'ya suka nuna, rigima ta kaure. Mai gari ya ce in ba a gane na kowa ba zuwa Juma'a, a sare duka a ƙone. Sai wata tsohuwa ta zo da shuni da jar ƙasa. Ta kama wannan yaɗo tun daga saiwa tana shafa masa shuni, gaɓa bayan gaɓa, ta koma ta bi wancan da ja. Nan take kowacce ta ga nata. Saura duma ɗaya, mafi girma, a inda yaɗon biyu suka manne suka zama jiki guda.

"To wannan na wa ne?" na tambaya.

"Kai dai da gaggawa! Aka fafe shi biyu, kowacce ta sami ƙwarya. Mannewar yaɗon nan ce ta hana dangar faɗuwa, ai."

Bayan shekaru ina digiri na biyu, ina zaune a Tarauni, saura kwana uku in kare bincikena. Aikina shi ne in nuna inda sarƙoƙi biyu na wani furotin, sinadarin gina jiki, suka riƙe juna, kuma na kasa ganin wurin. A allon kwamfuta dubban 'yan sanduna ne masu haɗa ƙwayoyin zarra, duk launi ɗaya, a cakuɗe. Na yi mako ina juya hoton har idona ya yi ja. Tsoro ya kama ni sosai, don in na faɗi, shekara guda ta tafi.

Ina alwalar la'asar dangar nan ta faɗo mini a rai. Na koma na sa manhajar ta ba sandunan kowace sarƙa launinsu: ta farko shuɗi, ta biyu ja. Na bi shuɗiyar daga farkonta, a hankali. Can a tsakiya sai ga sanda ɗaya tak, rabinta shuɗi, rabinta ja.

Na daɗe ina kallonta, hawaye na zuba. Inna Dije ta rasu ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ranar karewa wani farfesa ya tambaye ni wa ya koya mini wannan dabara. Na ce masa wata malama ce a Gyaɗi-Gyaɗi, ajinta a bakin murhu yake.