Bayan Rigar Sarkin Wasa

Har yau in na ji ƙanshin kafur sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara goma Kaka, mahaifin Baba, ya zo mana Guangzhou ganin likitan ido. Maɗinkin manyan riguna ne, kuma ba ya yarda da ɗinki sai ya juya ya ga bayansa. Ko rigar surukinsa sai da ya juya ranar ɗaurin aure.

A lokacin takardar zaman Baba tana ofis ana sabunta ta. Ko tari mai ƙarfi ba ma yi a waje, don ƙaramin rahoton 'yan sanda ya isa a ce mu tattara mu koma Kano.

Wata Asabar ta damina Baba ya kai mu wani tsohon gida a bayan gari, na wani attajirin da, wanda aka mayar gidan tarihin wasan kwaikwayo. Katako baƙi, fuskokin wasa a jikin bango, ko'ina kafur. A tsakar ɗaki ga rigar da mai fitowa a sarki yake sawa, ta girmi Kaka, an kewaye ta da jar igiya. Kafin mu ankara Kaka ya tsallake igiyar, ya kama gefen rigar ya juya.

Mai gadi ya daka tsawa, ya ɗaga oba-obarsa zai kira 'yan sanda. Wata tsohuwa mai kula da kayan ta fito da gudu. Ni kaɗai ke jin yarensu sosai, saboda makaranta.

"Ki ce su yi haƙuri kawai," in ji Baba.

"A'a," in ji Kaka. "Gaya musu wanda ya gyara nan da zaren roba ya yi. Yana cin alharinin. Nan da shekara biyu za ta yage."

Na dubi Baba, na dubi mahaifinsa. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Sai na faɗi maganar Kaka, ban rage komai ba.

Tsohuwar ta durƙusa, ta daɗe tana duban wurin. Sannan ta dafe oba-obar mai gadi, ta ce a hankali ita ce ta yi gyaran. Ta raka mu har ƙofa, ba a rubuta sunan kowa ba.

Yanzu an rufe rigunan cikin gilashi, Kaka ya rasu, ni kuma tafinta ce a kasuwar baje koli ta Pazhou, da faɗar maganar mutane nake ci. Amma a motar komawa gida ran nan, Baba bai yi faɗa ba. Hannuna ya riƙe, nasa sanyi ƙalau, ya ce, "Da an kore mu fa?"