Mijin da Ba a Sako Ba

A shekarar da rikicin gonaki ya koro mutane zuwa wata makarantar firamare a bayan Shabu, aikin tafinta nake yi. Ina jin Tibi da Hausa da Turanci, shi ya sa wasu ƙungiyoyi biyu na ƙasashen waje masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗauke ni tare. Da farko mota ɗaya muke shiga, abinci ma tare ake ci.

A makarantar akwai wata dattijuwa 'yar Tibi mai noman doya. Jami'an tsaro sun haɗa da mijinta cikin waɗanda suka kama bayan harin, alhali shi ma gidansa aka ƙona. Tana zaune a kan bencin 'yan makaranta ta ba mu labarin, ina fassarawa.

A kanta ƙungiyoyin suka raba gari. Shugabar ta farko ta ce sai duniya ta ji, a buga labarin da hotonta. Shugaban ta biyu, wani mai sanyin magana, ya ce a dakata, suna lallaɓa hukuma, har an yi musu alkawarin ganin tsararrun. A gabanta suka yi ta musu da Turanci.

Ta taɓa hannuna, ta ce, "Ɗana, me suke cewa?"

Na ce, "Mama, shawarar yadda za a fito da shi suke yi."

"To, su hanzarta. Bai tafi da maganinsa ba."

Ƙungiya ta farko ba ta jira ba, ta buga. Ba a jima ba hukuma ta rufe wa dukkansu ƙofa, aka kwashe tsararrun zuwa wani gari, aka ƙi faɗin ko ina ne. Mai sanyin maganar ya ce gaggawar waɗancan ce ta jawo. Su kuma suka ce alkawarin da ma yaudara ne. Har yau ban san mai gaskiya ba. Gaisuwa ma suka daina, da wa'adin aikinsu ya cika kowa ya koma ƙasarsu.

Yanzu tana soya doya a bakin titin Azuba. Da, in na tsaya da babur, takan tambaye ni ko an ji wani abu. Ta daina. Kwanan baya tana naɗe mini doya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In wasu sun sake zuwa, kada ka kawo su wurina."