Ƙafar Dama ta Jibrilla Tela

A Isa, idan aka ce Jibrilla Tela, ba sai an ƙara bayani ba. Ɗan Kurawa ne, iyayensa manoman gero, amma tun yana saurayi ya bi kawunsa Maraɗi ya koyi ɗinki, ya dawo da keken ɗinki na ƙafa guda ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan yana taka shi a rumfarsa ta bakin kasuwa.

Yana ɗan shekara ashirin da tara idonsa na hagu ya dushe wata guda, sannan ya washe. A Sakkwato likitoci suka ce ciwon da suke kira em-es ne: jiki ne da kansa yake cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, ciwon ya tashi, ya lafa, wata rana ya ɓullo ta wani wurin. Ya karɓi magani ya koma aikinsa.

Bana, dawa na fitar da kai, ciwon ya tashi ta ƙafar dama. Wata safiya ya ɗora ta a kan matakin keke, ta ƙi dannawa. Ya yi kwana biyar a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, aka sallame shi da takardar ganin masu fisiyo, waɗanda suke sake koya wa gaɓoɓi aiki. Saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki, takardar ta yi mako uku a aljihunsa.

Mahaifiyarsa, Inna Binta, ba ta jira kowa ba. A ganinta sanyi ne ya shige shi. Safe da yamma takan tafasa ruwa ta gasa masa ƙafar da tsumma kamar mai jego, ta rufe shi da bargo. Duk bayan gashi sai ƙafar ta ƙara nauyi, idonsa ya yi hazo. Inna ta ce ai sanyin ya yi nisa ne, ta ƙara itace.

Yayansa Bawa ya zo duba shi, ya same shi zaune a rumfa, ya tsaya yana kallon keken.

“Ba a barin ƙarhe shina tsatsa,” in ji shi. “Za ni kai ma ɗana Usmanu a Bafarawa, shi yi amfani da shi.”

“Yaya, ka ba ni wata biyu.”

“Wata biyu. Ban ƙara maka kwana guda.”

Washegari Jibrilla ya shiga motar Sakkwato da rana tsaka, cikin jerin motoci, Inna a gefensa don ta rantse ba zai tafi shi kaɗai ba.

Mai fisiyon mace ce, Malama Firdausi. Ta sa shi ya yi tafiya tsakanin wasu ƙarafa biyu da ake dafawa. Taku huɗu ya yi, ƙafar ta lanƙwashe. Ta tambayi abin da ake yi masa a gida, Inna ta zayyana mata komai tana alfahari, har da gashin da ta yi masa a masaukin da suka kwana kafin su fito.

“Inna, kin yi aiki,” in ji Firdausi, “amma wanga ciwo ba shi son zahi. Ki zauna ki gani.”

Ta ba shi ruwan sanyi ya sha, ta ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a wuya, ta zaunar da shi a gaban fanka kusan awa guda. Da ya sake tashi, Inna ce ta riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Biyar, shida. A na tara ta miƙe tsaye, mayafinta ya zame. Jibrilla ya riƙe ƙarfen yana dariya har ya kasa magana.

“Ashe ni ka dahwa ɗana,” Inna ta ce, ita ma tana dariyar tana share ido.

Firdausi ba ta ɓoye musu gaskiya ba. Sanyi ba ya warkarwa, nauyin da zafi ya ƙara kawai ya sauke. Sauran sai da aiki kullum, kuma ba lallai ƙarfin ya dawo duka ba. Da ya gaya mata maganar keken, sai ta ce ya cire masa igiya ya riƙa taka shi babu kaya, minti biyar da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya huta, ya sake. Ta ce ya riƙa zuwa duk bayan mako biyu, a tsakani ya turo mata bidiyo ta waya.

A mako na uku ya kai minti goma. A na shida ya mayar da igiyar, ya koyi taka keken da ƙafa biyu, hagu a gaba tana ja, dama a baya tana taimakawa. Maƙwabtan rumfa suna jin ƙarar keken suka leƙo suna yi masa barka.

Ranar da wata biyu ya cika, Bawa ya iso a kan babur. Ya tarar da Jibrilla yana sauke riga daga keken. Ya ɗauka ya duba a hasken ƙofa.

“Wanga ɗinki ya karkace.”

“Rigarka ta, Yaya. Haka za ka sa ta ran Juma’a.”