Mai Waya da Motar Gora

Gyaran keke ne sana'arsa, amma Mai Waya kowa ke ce masa. Tun yana saurayi, in aiki ya lafa, sai ya lanƙwasa ragowar waya ta zama mota, ya sa mata tayun murfin kwalba da dogon sitiyari. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai dai bencin shagonsa bai taɓa rabuwa da yara ba.

Ana nan sai ƙanensa ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta, ya dawo ya tare a ɗakin da ke bayan shagon. Wata Asabar ya kwantar da gorar roba a kan tayu huɗu, ya zuba ruwan lemon tsami, ya jefa garin kanwa a ƙunshin takarda, ya toshe. Kumfa ta taso, toshiyar ta yi fit, mota ta zabura da kanta har bakin kwata.

Yara suka watse daga benci, har da wanda Mai Waya ke tsakiyar ɗaura wa motarsa taya.

"Baba Ƙarami, wa ya tura ta?" suka tambayi ƙanen.

"Iska ce. Tsami da kanwa in sun haɗu iska suke haifarwa. Ta rasa wurin zama, ta fita ta baya, mota ta yi gaba."

Mai Waya ya ja tsaki. "Motar da ke tafiya da zawo ita ce mota?"

"Yaya, zo ka gwada mana."

"Ina da aiki."

Ba shi da aikin komai. Ya yi ta matse noti ɗaya yana jin ihunsu. Ko a gida, in matarsa ta ce yaran nan sun iya bayani kamar malamai, sai ya ture kwano.

Rannan da yara suna makaranta, ya ɗebi kanwar matarsa da lemon tsami, ya shige shago da gora. Ya zabga ninkin abin da ya ga an zuba, don tasa motar ta fi gudu. Kafin ya gama toshewa, gorar ta fesa masa kumfa har cikin hanci. Matarsa ta ga rigar, ta danne dariya.

Daga baya wata yarinya ta kawo masa motar gorarta.

"Baba, tawa karkacewa take yi. Ka gyara min?"

Ya so ya ce ta kai wa malaminta, bakinsa ya ƙi. Ya zauna ya yi wa motar gindin waya miƙaƙƙe, ya ɗiga wa tayun mai. Da aka yi tsere, tata ta wuce saura.

"Motar Baba Ƙarami ta ci!" yara suka ɗauka.

Ƙanen ya leƙo shago. "Yaya, aikinka ne fa."

"Je ka, suna kiranka," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.